Igwar Tsibirin Gore: Tsatsa Ce Ko Tarihi?

Duk wanda ya ji an ambaci tsibirin Gore na ƙasar Sanigal, cinikin bayi ne zai fara faɗo masa a rai. Can ne Gidan Bayi yake, mai ƙofar nan da ke buɗewa a bakin teku, wadda ake kira ƙofar tafiya ba dawowa. Fafaroma John Paul na Biyu ya tsaya a wurin a 1992, Bill Clinton a 1998, Barack Obama kuma a 2013. Ba ni da ja a kan martabar wannan gida. Amma a ƙarshen tsibirin ta wajen kudu akwai wani tudun baƙin dutse da ake kira Kastel, a kansa kuma akwai manyan bindigogin igwa da Faransawa suka kafa, bakinsu na kallon teku, tsatsa tana cin su. Baƙi kan hau tudun su ɗauki hoto su sauko. Ra'ayina, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne waɗannan ƙarafa suna ɗauke da wani babi na tarihinmu da ba a karanta mana, kuma barin su su ruɓe asara ce tamu, ba ta Faransa ba.

Tunda mu ɗaliban harshe ne, bari in ɗan ratse. Turawa kan kira jerin bindigogin igwa da aka girke wuri guda da kalmar nan da muka ara muka mai da ita "batir". Sai dai Bahaushe ya ɗauki ma'ana ɗaya ce kawai, ta cocila da rediyo, ya bar ta sojan a can. In ka fassara ka ce "batirin gaɓar teku", mai sauraro zai zaci wutar sola ake nufi. Ni dai "sansanin igwa" nake cewa, domin abin ya wuce bindiga kaɗai. Akwai rumbun harsasai a ƙarƙashin ƙasa, da ɗakin da ake hango jirgi a auna nisansa, da hanyoyin da suka haɗa su, da makwancin soja. Igwar da ba ta da mai auna mata nisa makauniya ce.

Gore ƙaramin wuri ne ƙwarai, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma tafiyar kamar minti 20 ce a jirgin fito daga Dakar. Matsayinsa ne ya jawo masa rigima. Yana zaune ne a bakin mashigin ruwan Dakar, a kusurwar Afirka da ta fi kowace miƙewa yamma, don haka wanda ya riƙe shi ya riƙe ƙofa. 'Yan Fotugal sun iso a 1444. Mutanen Holan suka zo suka gina ganuwa biyu, ɗaya a kan wannan tudu, kuma daga harshensu sunan tsibirin ya fito. Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ta yi ta karɓewa tana mayarwa har zuwa 1817. Tsakanin 1852 da 1856 Faransawa suka gina wata ganuwa mai da'ira a arewacin tsibirin, suka sa mata sunan d'Estrées, kwamandan da ya ci musu wurin. Mai karatu ya lura da abu ɗaya: a duk tsawon wannan lokaci, bakin bindigar teku yake kallo. Bature ne ke tsoron ɗan'uwansa Bature kada ya zo ya raba shi da abin da ya samu.

Igwar da ke kan Kastel a yau ba don tudu aka ƙera ta ba. Ta wani tsohon jirgin yaƙin Faransa ce mai suna Vergniaud, wanda aka gama ginawa a 1911. Da jirgin ya tsufa aka kwance bindigoginsa, aka kai wasu Dakar aka girke su don tsaron tashar. Faɗin bakin kowace milimita 240 ne. Harsashi guda yana da nauyin kusan kilo 220, wato ya fi buhun shinkafa huɗu, kuma tana iya jefa shi fiye da kilomita 20. Ka tsaya ka ƙiyasta yawan hannayen da ake bukata kafin a fito da irin wannan kaya daga rumbu a ɗura shi a cikin bindiga, a kuma maimaita.

Ranar amfaninta ta zo a 1940. A watan Yuni na shekarar Jamus ta ci Faransa da yaƙi, Faransawa suka rabu biyu. Gwamnatin Mashal Petan da ke garin Vishi ta yi sulhu da Hitila, Janar Digol kuma ya tsere Landan ya ce yaƙi bai ƙare ba. Kowane gwamnan mulkin mallaka sai da ya zaɓi gefe. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, wanda baƙar fata ne ɗan asalin Guyana ta Faransa, ya bi Digol ranar 26 ga Agusta, Kamaru ta bi baya. Babban gwamnan da ke Dakar, Pierre Boisson, ya tsaya tare da Vishi. Yana da dalilin jin haushin Ingila: a farkon Yuli jiragenta sun kashe sojan ruwan Faransa kusan 1,300 a Mers el-Kébir ta Aljeriya, kwanaki kaɗan bayan haka kuma suka kai wa babban jirgin yaƙi Richelieu hari a cikin tashar Dakar kanta.

Digol da Firayim Minista Churchill sun yi lissafin cewa da zarar mutanen Dakar sun wayi gari sun ga teku cike da jirage, za su buɗe ƙofa ba tare da an zubar da jini ba. Ranar 23 ga Satumba rundunar ta iso, da manyan jiragen yaƙi biyu, Barham da Resolution, da jirgin dakon jiragen sama Ark Royal. Amma ana naka, Allah na nasa. Hazo ya rufe teku a safiyar, ba wanda ya ga kwarjinin da aka zo nunawa. Manzannin da Digol ya tura cikin kwalekwale harbi aka bi su da shi, aka ji wa shugabansu rauni. Daga nan wuta ta ɓarke. Hazon ya tilasta wa jiragen Ingila matsowa kusa, inda igwar tudu ke iya kai musu, kuma harsashi guda na milimita 240 ya sami jirgin Cumberland ya fitar da shi daga faɗan. Yunƙurin sauke soja a Rufisque ya ci tura. A rana ta uku wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Vishi mai suna Bévéziers ya harbi Resolution, sai janyo shi aka yi zuwa Firitawun ta Saliyo. Churchill ya ce a janye. Igwar Gore tana cikin waɗanda suka yi ruri a waɗannan kwanaki uku, tare da sauran sansanonin da ke kewaye da tashar.

Littattafai kan ba da wannan labari a matsayin faɗan Bafaranshe da Bafaranshe, Ingila na tsakiya. Haka ne a sama. A ƙasa kuwa, rundunar da ke tsaron Dakar cike take da sojan Afirka, kuma harsasan da suka kuskure jirgi da ganuwa cikin unguwanni suka faɗa, suka kashe fararen hula da dama waɗanda ba su san Petan ba balle Digol. Giwaye biyu suka yi kokawa, ciyawa ta sha wuya. A wannan zamani aikin tilas yana nan daram a ƙasashen renon Faransa, ba a soke shi ba sai a 1946. Shekara huɗu bayan yaƙin Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye da ke bayan gari, sojan Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama na cewa adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi.

To, ina ruwan Bahaushe da igwar da ke can ƙarshen yamma? Ruwansa kuwa har tsaki. Daga Dakar ake mulkin Nijar a lokacin. Da yake Dakar ba ta faɗi ba, Nijar ta ci gaba da zama ƙarƙashin Vishi har Nuwamban 1942, lokacin da Boisson ya sauya sheƙa bayan saukar sojan ƙawance a Arewacin Afirka. Fiye da shekara biyu ke nan iyakar da ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi, da tsakanin Kano da Damagaram, ta zama iyakar ɓangarori biyu masu kallon juna da ido ja, alhali mutanen da ke gefe da gefe harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, surukan juna ne. A daidai wannan lokaci dubban jiragen saman yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi suna bi ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadin Éboué zuwa Hartum da Alƙahira. Ga kuma wata alaƙar: a kan wannan tsibiri ne makarantar horon malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 har ƙarshen shekarun 1930, inda Bubu Hama da Diori Hamani na Nijar suka yi karatu, tafiyar 'yan mintoci daga gindin tudun.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce wannan tarkacen mulkin mallaka ne, me ya sa ƙasar da ke fama da kuɗin asibiti za ta kashe sisi a kan tsatsar Bature? Musamman yanzu da sojan Faransa suka fice daga Nijar a 2023, suka miƙa sansanoninsu na ƙarshe a Sanigal a 2025. Su kansu mutanen Gore a 2020 sun sauya sunan wani dandali nasu da ake kira Dandalin Turai. Na fahimci wannan fushi, kuma ina goyon bayan sauya sunan. Amma mutum-mutumi da sunan titi daban, igwa daban. Mutum-mutumi yabo ne, an kafa shi don a ce wane gwarzo ne, kuma kana iya janye yabo. Igwa kuwa shaida ce. Ba ta yabon kowa. Tana nuna irin ƙarfe da dukiyar da aka zuba don riƙe ƙasar mutane, kuma mai ƙara ba ya ƙona shaidarsa don yana jin haushin wanda yake ƙara.

Wasu kuma za su ce kada a raba hankalin baƙo, labarin bayi ne ya kamata ya fita da shi. Ni a ganina labarin ɗaya ne. Ganuwar farko da aka yi a kan tudun don tsaron ciniki aka yi ta, ciki har da cinikin mutane, ta ƙarshe kuma don tsaron mulkin da ya gaji wannan ciniki. Masana sun daɗe suna muhawara a kan yawan bayin da suka bi ta Gidan Bayi, wasu na cewa ba su kai yadda ake faɗa ba. A kan igwar Kastel babu irin wannan gardama. An san jirgin da ta fito, an san ranar da ta yi harbi.

Hukumar UNESCO ta sa Gore cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978, a rukunin farko. Ganuwar arewa ta yi sa'a, an mai da ita gidan tarihi a 1989. Kastel kuwa iskar gishiri ce ke aikinta a kan ƙarfe, teku kuma na zaizayar gefen tsibirin. Ɗakunan da ke ƙarƙashin ƙasa masu zane da masu sassaƙa ne suka shige su, suna baje hotunansu a kan hanyar hawa. Akwai masu ganin wannan ɓata wuri ne. Ni ban ga haka ba. Rumbun harsashi da ya koma ɗakin mai zane ya fi wanda aka garƙame da kwaɗo, jemagu na kwana ciki, kuma mutumin da ke zaune a wuri shi ke fara ganin inda bango ya tsage.

Abin da nake so a yi ba shi da tsada. Kada a shafa wa igwar sabon fenti ta koma kamar ta fareti. A tsayar da tsatsar kawai, a toshe inda ruwa ke shiga, a bar ta da tabonta. Sannan a kafa allo a gefenta, da Wolof tukuna kafin Faransanci, wanda zai faɗi nauyin harsashi, da yawan mutanen da ke ɗaga shi, da garuruwan da aka ɗebo su, da sunayen 'yan Dakar da suka mutu tsakanin 23 da 25 ga Satumba 1940. Babban ɗakin ajiye takardun tsohuwar Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar yake, ƙetaren ruwa kawai. Ɓangarenmu na aikin kuma yana gida. Tsofaffin da suka ga "yaƙin Hitila" da idonsu sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu suna nan a Jibiya da Magarya da Daura da Maraɗi, sun ji daga bakin iyayensu yadda aka yi fatauci da zumunci a shekarun da aka tsare iyaka. Duk wanda ke neman batun kundin kammala digiri, ga rakoda a wayarsa, ga hutun ƙarshen zango na zuwa.