Kirsimeti Ba Lokacin Fasa Rumbu Ba Ne

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana Kirista, manoma da 'yan tireda.

Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa awon hatsi a kasuwar ƙauye. Da zarar Disamba ta kama, sai ka ga magidanci ya fasa rumbu ya karyar da masara da araha don ɗinkin anko, shinkafa da akuya, wani ma har da burkutu. Ga kuɗin makarantar yara na jiransa a Janairu, kuma masarar nan shi zai dawo ya saye ta da tsada a watan Agusta. To don Allah, wannan ne bin Yesu?

Mu duba Luka sura 2. A komin dabbobi aka kwantar da Almasihu a Baitalami. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali, hadayarsu ta kurciyoyi biyu ce ko 'yan tantabaru biyu, wadda Littafin Firistoci sura 12 ya yarje wa marar halin ɗan rago. Ba mu ji an ce sun ci bashi don su burge maƙwabta ba.

Mu masu awo kuwa, mudun da aka buga wa gindi ranar 24 ga wata, waƙar sujada ta ranar 25 ba za ta cika shi ba.

Ina roƙon fastocinmu da zumuntar mata su sassauta maganar anko bana. A sujadar daren 31 ga Disamba kuma, kowane gida ya kawo kwano ɗaya na hatsi a raba wa gwauraye da marayu.

Naka,
Wani manomi daga Kudancin Kaduna.