Kafin a sayo sabbin kwamfutoci, a ɗauki mai gyara

Ɗalibin da ke zaune a Shahuci, yana karanta Fiziks ko Lissafi a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, kusan duk karatunsa a waya yake yi. Takardun lacca a WhatsApp, ƙarin bayani a YouTube. Amma ranar da malami ya ce a tantance alƙaluman bincike da SPSS ko MATLAB, nan wayar take ajiye kayanta. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, ko ta hannu ce a Titin Beirut, ba kowane gida ne zai iya saya ba. Ƙarshenta sai ɗalibi ya biya wani a shagon kwamfuta ya yi masa aikin, ya kammala digirin kimiyya bai taɓa manhajar da hannunsa ba.

Don irin wannan ɗalibin aka yi ɗakin kwamfuta na sashe. Kuma ba a rasa na'urori ba: TETFund ta daɗe tana gina irin waɗannan ɗakuna a jami'o'in gwamnati tana zuba kaya. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne mutumin da zai kula da su bayan an yanke kyalle, an ɗauki hotuna, an watse.

Kwamfuta a Kano tana shan wuya. Ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, zafin bazara ya gasa ta, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙona wani abu a ciki, ga filash ɗin ɗalibai na yawo da bairos daga wannan zuwa waccan. Sau da yawa wadda aka ce ta mutu, aka lulluɓe da leda, RAM ɗinta ne kawai ya goce, ko ɗan batirin CMOS ya ƙare. Aikin minti goma ne ga wanda ya iya. In babu shi, sai wanda aka damƙa wa makulli ya ga kulle ɗakin ya fi masa kwanciyar hankali, tunda shi za a tuhuma in wani abu ya lalace. Ba a ga laifinsa ba.

Yanzu ga wani uzurin sayayya ya samu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma sai na'ura mai TPM 2.0. 'Yan kwangila za su ce tsofaffin sun tashi aiki. Ba su tashi ba. A ɗora musu Ubuntu ko Linux Mint, a saka Python da R da GNU Octave, duk kyauta, babu satar lasisi, sun ishi yawancin aikin ɗalibin digirin farko.

Mai gyaran da ya san aikinsa zai iya wuce haka. Kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, a saka mata JupyterHub, a haɗa ta da intanet, kowane ɗalibi ya samu sunan shiga. Daga Shahuci, bayan sallar isha'i, ya buɗe Chrome a wayarsa ya ci gaba da aikin da ya fara da rana. Rubuta kod a fuskar waya akwai takura, gaskiya, amma ƙaramin kibod da igiyar OTG suna rage ta. Sannan sola da inbata na na'ura ɗaya sun fi sauƙi a kan kunna ɗari, musamman tun da aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024.

Hannu ma akwai. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke yawon neman gurbin SIWES a gari za su iya yin sa a nan, ƙarƙashin ma'aikaci guda mai albashi da ɗan kasafin kayan gyara.

Ƙungiyoyin ɗaliban sassan kimiyya su daina tambayar kwamfuta nawa aka kawo. A zaman da za su yi da shugaban sashe, su tambayi nawa ne ke kunnuwa yau, ƙarfe nawa ake rufe ɗakin, kuma wa ake kira idan ɗaya ta ƙi tashi.