Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana

Kwanan baya wata dattijuwa maƙwabciyata a nan Zango ta kawo mini takardar hukunci a kan wata gonar gado, ta ce: "Malam, duba mini, ni na ci ko ni aka ci?" Shafi huɗu ne na Faransanci. Ni da na share shekara ashirin ina koyar da wannan harshe, sai da na karanta sau uku kafin na gane an kayar da ita. Tun ranar nake tambayar kaina: ina amfanin ilimin shaihunnan malamanmu na shari'a, in har bai kai ƙofar wannan baiwar Allah ba?

Mu ɗauki misalin wanda ba a shakkar iliminsa, Farfesa Auwalu Hamisu Yadudu na Jami'ar Bayero ta Kano. Ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya koyar da ɗalibai shekaru masu yawa, ya zama mai ba Janar Sani Abacha shawara kan shari'a, ya kuma halarci babban taron ƙasa na Nijeriya a 2014. Masu sukarsa suna tuna masa zamansa a fadar soja; wannan muhawara ce da ƴan Nijeriya suka fi mu haƙƙin yi. Ni abin da ya dame ni shi ne maƙalarsa ta 1991, wadda ta bayyana yadda mulkin mallaka ya sauya wa shari'ar Musulunci kama da ma'ana a arewacin Nijeriya. Bincike ne da ya shafi kowane mai ƙara a ƙasar Hausa, amma da Ingilishi ya fito, a wata mujallar masana ta Amurka. Likita ya gano cuta, ya rubuta sunanta a inda majiyyaci ba zai taɓa gani ba.

Cutar kuwa tamu ce. Bayan Faransawa sun ci Damagaram a 1899, sannu a hankali alƙalin sarki ya koma ƙarƙashin kumandan. Da aka sami ƴancin kai, dokar tsarin kotuna ta 1962 ta bar wa al'ada aure da saki da gado da gonaki, ana zama da masanan al'ada a gefen mai shari'a, amma hukuncin da Faransanci ake rubuta shi. Dokar karkara ta 1993, wadda ta shafi manomi da makiyayi kafin kowa, ita ma da Faransanci aka tsara ta.

Kada a ɗora wa malami laifin duka. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ita ke auna malaman jami'o'inmu, kuma ma'auninta maƙalu ne da gasar da ake yi cikin Faransanci. Wanda ya ɓata shekara biyu yana rubuta bayanin dokar gado da Hausa, takwarorinsa za su wuce shi a tsani. To, ai kowa inda ake biyansa yake noma.

Za a ce Hausa ba ta da kalmomin shari'a. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa zama zauren alƙali ba. Jingina, aro, wasiyya, idda, diyya, rantsuwa, shaida, wakilci, ɗaukaka ƙara: da wane harshe kakanninmu suka yi ta jayayya a kansu? Alƙalan da suna karanta Risala da Larabci, su yanke hukunci da harshen da mai ƙara ke ji.

Yanzu hanzari ya ƙare. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Matsayin nan zai zama rawani babu sarauta muddin dattijuwar nan tana yawo da takarda tana neman mai karanta mata. Ya ku malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, mu nemi abu uku: jami'o'in Yamai da Tawa su lissafa aikin da aka yi da harsunan gida cikin abin da ke ɗaga malami, masana shari'a su zauna da mu masu harshe a tsara ƙamus na kalmomin kotu, kowane hukunci kuma ya fito da taƙaitawa cikin harshen masu shari'ar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da na gama yi wa dattijuwar bayani, sai na tarar wa'adin ɗaukaka ƙara ya riga ya wuce. A shafi na huɗu aka rubuta shi.