Raddi ga masu cewa tambayar ɗalibi ɓata lokaci ce

Wata magana na yawo a ɗakunan malamai, wai barin yara su yi tambaya su bincika da kansu baƙon abu ne daga Turai, yana zubar da girman malami, ba ya kuma kai yaro ga cin jarrabawa. Da yawa daga masu faɗar haka sun shekara ashirin da alli a hannu, don haka sun cancanci a bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Batun baƙunta ba ya tsayuwa. Gaskiya ne John Dewey ya buɗe makarantarsa ta gwaji a Jami'ar Shikago a 1896, kuma da shi ake yawan danganta wannan hanya. Amma kusan shekara 900 kafin shi Ibnul Haisam yana Alƙahira yana gwada haske ta 'yar kafa a ɗaki mai duhu, saboda bai gamsu da masu cewa ido ne ke fitar da haske ba. A makarantar zaure ma, ɗalibi ne ke ɗauko littafinsa, ya karanta, ya tsaya inda ya shige masa duhu, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, nan ban gane ba." Wa ya taɓa kiran wannan raini? Ai malamin da ake yawan yi wa tambaya shi ne zaurensa ke cika.

Hujjarsu mai nauyi ita ce ta bincike, kuma ba zan raina ta ba. A 2006 Kirschner da Sweller da Clark sun nuna cewa mai fara koyo, idan aka bar shi ba jagora, ƙwaƙwalwarsa cika take yi da kame-kame. Sakamakon jarrabawar ƙasa da ƙasa ta PISA na 2015 ma ya nuna ɗaliban da suka ce ana yawan koyar da su kimiyya ta hanyar bincike sun fi samun ƙarancin maki. Sai dai abin da masanan nan suka soka shi ne sakin yaro sakaka, kuma a 2007 Hmelo-Silver da abokan aikinta suka amsa cewa binciken kirki cike yake da jagorancin malami. A ɗauki darasin inuwa. Malami ya kafa sanda a filin makaranta, yara su riƙa auna inuwarta da igiya kowace sa'a suna rubutawa. Su da kansu za su ga tana raguwa har zawali, sannan ta juya gabas. Idan aka maimaita a wasu watanni, yaro a Kano zai tarar wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta inuwar ta kusa ɓacewa da tsakar rana, a tsakaninsu kuma ta koma kudu. Dole wani ya ce, "Malam, me ya sa?" A wannan lokacin ne malami zai zana karkatar duniya a allo, ya yi bayani dalla-dalla, ya haɗa da yadda malaman fiƙihu ke gane shigar azahar da la'asar. Bayanin da masu adawa ke tsoron a rasa yana nan daram, sai dai ya sauka a kunnen da ke jiran sa.

Sun ce aji mai yara tamanin ba ya ɗaukar wannan, ga shi babu ɗakin gwaje-gwaje. Cunkoso masifa ce, na yarda, amma yana cutar da kwafar rubutu daga allo ma, inda na baya ba ya ko hango abin da aka rubuta. Sanda da igiya kuwa ba sa buƙatar kasafin kuɗi, kuma yara tamanin na rabuwa gida goma.

Saura jarrabawa. WAEC da NECO duka suna da takardar aikin hannu a fiziks da kemistiri da bayoloji, inda ake so ɗalibi ya auna, ya cika jadawali, ya zana giraf, ya faɗi abin da ya lura da shi. Yaron da bai taɓa riƙe ma'auni ba sai ranar jarrabawa, hannunsa rawa yake yi, komai yawan abin da ya haddace.