An Sayi Tukunya, Ba A Sayi Hannu Ba

 Maganarmu ta wannan wata a kan girki ce, domin da yawanmu mun ɗauka daɗin abinci a tsadar cefane yake, alhali kuwa a hannu yake.

A unguwarmu Goron Dutse akwai wani ɗan gidan abinci na wata dattijuwa da kowa ke kira Iya. Tuwon shinkafarta da miyar taushe, wallahi har daga Ƙofar Waika da Kabuga magidanta ke aiko yara da kwanon sha su saya. Da ƙarfinta ya ƙare sai ta sayar wa wata hajiya da wurin, har tukwane da muciya.

Gani ya kori ji, ran nan Yayana ya ɗauke ni da matarsa muka je. Gaskiya hajiyar ta yi ƙoƙari, an yi fenti, an sa fanka da kujeru, ga ɓangaren mata da labulensa, ga tsafta. Amma loma ɗaya Anti ta kai ta dube ni ta ce, "Ke, wannan tuwo ne ko shinkafa da miya?" Tuwon nan warwatsewa yake a hannu, miyar kuma ba ka jin komai sai magi.

Da na leƙa wajen masu tuƙi sai na ga buhun shinkafa 'yar Tailan. Tabɗijan! Ai nan gizo ke saƙa. Irin wannan an riga an turara ta tun kafin a cire mata ƙaiƙayi, shi ya sa take fita wara-wara, ta yi kyau a dafa-duka, amma ba ta kama jikinta a tuƙi. Tuwo ɗanyar shinkafa 'yar Hausa yake so, mai danƙo, irin wadda ake nomawa a Kura da Bunkure da ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo. Ko a 2019 da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamban 2020, 'yar waje ta yi wuya, tuwon Iya bai girgiza ba, don ita dama ba ta san ta ba. Miyarta kuwa kabewa ce da gyaɗa da ɗan yakuwa, sai daddawar kalwa da take dakawa da kanta, ta bi da man shanu soyayye.

To ƙannena, ga inda na dosa. Hajiya ta biya kuɗin wuri amma ba ta zauna ko sati ɗaya gaban murhu ta ga yadda Iya ke yi ba. Mu ma haka muke, kullum boko da karance-karance, Inna na tuƙi muna ɗaki. Ranar da aka kai ki ɗakinki za a jera miki kwanuka da tukwane har rufi, amma hannun Inna ba ya shiga motar jere. Miji ya yi haƙuri sati biyu, a na uku ki ga ya shigo a ƙoshe.

Don Allah hutun nan ki ja kujera ki zauna kusa da kakarki, ki tambaye ta wace shinkafa, yaushe ake sa daddawa, yaya ake talge. Tun tana da rai.

Allah Ya ba mu mazaje na gari, amin. Sai wata mai zuwa.