Ma'aunin Damshi Mai Aika Labari

Manoman rake na Makarfi da Kudan, da masu tumatir na Ikara, sun san asarar ban-ruwa da ka. In ruwa ya yi yawa saiwa ta ruɓe, ga kuɗin man inji ya tafi. In ya gaza, fure ya zube.

Hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana ba da hasashen damina kowace shekara, amma ba ta san fadamar kowa ba. To, yanzu akwai 'yar na'ura da ake binnewa daidai zurfin saiwa. Tana auna damshin ƙasa, ta aika labari ta iska zuwa wayar hannu, ko mai gona yana kasuwa ya gani.

Sayenta ba wuya kamar riƙonta. Lalle ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta saya, kana ta naɗa mutum guda mai kula. Shi zai share ƙurar hunturu daga faifan hasken rana, ya sa kati a layi, ya tsare ta daga shanu da ɓarayi, ya kuma gaya wa jama'a abin da ta ce da Hausa. In babu wannan mutum, kuɗin ƙungiya aka binne.