Zuwa Ga Masu Haɗa Kwamfutar Tebur: Ku Yi Wa Iska Hanya

'Yan'uwa na Titin Beirut a Kano da na sauran kasuwanni.

Maganata a kan fanka ce. An saba yanzu mai saye ya ce a cika masa akwati da fankoki masu walƙiyar fitilu, ku ɗaura masa, a rabu lafiya. Da bazara ta kama sai ga shi ya dawo, wai kwamfuta tana nauyi ko tana kashe kanta. Galibi fankokin sun isa har sun yi yawa. Ba a dai kula da inda kowacce ta sa gaba ba ne.

Ku tuna fanka ba ta samar da sanyi, iskar ɗakin take turawa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, furosesa ba ta da sarari sosai, domin yawancin na Intel kan rage wa kansu gudu a wajen digiri 100, Ryzen 7000 na AMD kuwa a 95. Dole ke nan iska ta shiga ta gaba, ta ratsa katin hoto da ƙarfen da ke tsotse zafin furosesa, ta fice ta baya da sama. Gefen da ke da sandunan riƙe mota da sitika, nan iska ke fita. Wasu fankokin ma da kibiya a jikinsu. In kuna shakka, ku kara 'yar takarda ku ga inda za ta karkata.

Fankar sama da aka ɗaura can gaba tana fitarwa, ɓarna take yi: tana zuƙe iska mai sanyi tun kafin ta kai ga furosesa. Ku matsar da ita baya, ko ku cire ta.

Babban abin da ya shafe mu shi ne ƙura. Wanda ya haɗa kwamfuta a Jamus bai san hazon hunturu ba. Idan masu fitarwa suka fi masu shigarwa ƙarfi, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa da ba ta da raga, ƙura ta lulluɓe komai, zafi ya rasa mafita. Idan kuwa masu shigarwa suka ɗan rinjaya, misali biyu masu milimita 140 a gaba da ɗaya mai 120 a baya, rarar iskar ce za ta riƙa fita ta kafofin nan, ƙurar ta tsaya a ragar gaba, inda mai shi zai iya zarewa ya kakkaɓe da kansa. Ku nuna masa yadda ake yi kafin ya bar shago.

Akwati mai gaban gilashi da ba shi da hudoji a gefe, ko ya kai amarya kyau, ku gaya wa mai saye gaskiya. Haka al'adar cire murfin gefe a bar shi a buɗe, tana wargaza hanyar iska, tana gayyato ƙura. Akwatin wuta da fankarsa ke kallon ƙasa kada a girke shi kan kafet. Ranar da kuka zo hurawa da bulowa, ku danne fukafukan da yatsa, domin juyin da ya wuce kima na lalata fanka.